Jan Tuna na Bahar Rum: Kitsen da Ya Rayar da Garuruwa, Ya Kusa Ƙarar da Kifin

Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin nahawu ya san dukan da Zaidu yake yi wa Amru shekara da shekaru ba ramuwa: daraba Zaidun Amran. To wannan kalma ta daraba tana nan da ranta a bakin masuntan kudancin Sifen, mutanen da ba sa jin Larabci ko kaɗan. Babban tarkon da suke kafa wa kifin tuna a teku suna kiran sa almadraba, daga al-madraba, wato wurin duka. A tsibirin Sisili na Italiya kuwa, shugaban masu wannan su sunansa rais, ra'isi ke nan. Shi kansa sunan kifin ba ruwansa da "tuna" tamu ta Hausa, kishiyar mantuwa. Girkawa ne suka ce masa tunnos, Larabawa suka ce at-tun, mutanen Sifen suka karɓa daga bakinsu suka ce atun.

Ba Larabawa ne suka fara sana'ar ba, sun tarar ana yi. Finikiyawa, tsoffin 'yan kasuwar teku daga gaɓar Labanon ta yau, waɗanda suka kafa birnin Kadis na kudancin Sifen wajen shekara dubu uku da suka wuce, sun san wannan kifi, kuma tsofaffin kuɗin da aka buga a birnin suna ɗauke da hotonsa. Kusa da garin Tarifa akwai kangon wani garin Rumawa mai suna Baelo Klaudiya, inda har yau ake ganin ramukan dutsen da ake jiƙa kifi da gishiri a ciki, daf da bakin ruwa. Da Musulmi suka shiga Andalus a 711, suka kuma sauka Sisili a 827, sai suka riƙe sana'ar na ɗaruruwan shekaru. Mulkinsu ya tafi, kalmominsu suka zauna a cikin kwale-kwale.

Tuna ba kifi ɗaya ba ne, dangi ne, kuma rashin sanin haka shi ke rikita mutane idan ana maganar amfaninsa a jiki. Wanda ake kafa wa tarko a Bahar Rum shi ne babban gidan, wanda mutanen Sifen da Italiya ke kira jan tuna saboda namansa ja ne wur kamar na sa. Kilo 200 ba abin mamaki ba ne a wurinsa. Mafi girman da aka taɓa kamawa da ƙugiya, a gaɓar Kanada a 1979, kilo 679 ne, ya fi bijimin kiwo nauyi. Jininsa na da ɗumi, saɓanin yawancin kifaye, domin akwai wani saƙaƙƙen tsarin jijiyoyi a jikinsa da ke riƙe zafin da tsokarsa ke haifarwa. Shi ya sa yake iya farauta a ruwa mai sanyin da zai sa wani kifin ya yi laƙwas. Ba ya kuma tsayawa. Numfashinsa ya dogara ne da ruwan da ke ratsa bakinsa yana cikin tafiya, in ya tsaya sai ya shaƙe.

A ruwan sanyi na Tekun Atlantika yake kiwo, yana cin ƙananan kifaye masu maiƙo har ya tara kitse. Idan watan Afrilu ya kama sai garke-garke su nufi mashigin Jibralta, wanda a inda ya fi matsewa bai wuce kimanin kilomita 14 ba tsakanin Turai da Afirka. Ruwan ɗumi suke nema don su zuba ƙwai: kewayen tsibiran Baleyar, da yankin Sisili da Malta, da can gabas tsakanin Turkiyya da Kubrus. Kitsen nan guzuri ne. Da shi kifin yake yin tafiyar, da shi yake yin ƙwan. Masuntan Kadis suna da suna biyu ga kifi ɗaya saboda haka: na shiga, mai ƙiba, wanda ake kamawa daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, da na dawowa, wanda ya zuba ƙwai ya rame yana komawa gida a Yuli da Agusta. Kuɗin yana wurin na shiga. Duk labarin da zai biyo baya, daga tarko zuwa kasuwar Tokyo zuwa maganar lafiyar zuciya, a kan wannan kitse yake tafiya.

Tarkon da kansa gida ne da aka gina a cikin ruwa da raga. Tun wajen watan Fabrairu ake fara haɗa kaya a tudu, igiyoyin ƙarfe da ragogi da ɗaruruwan anga masu nauyi da za su riƙe ginin kada igiyar ruwa ta tafi da shi. Ana miƙa doguwar katangar raga daga kusa da gaɓa zuwa cikin teku, tsawon kilomitoci. Garken tuna da ke bin gaɓa idan ya ci karo da katangar ba ya fasa ta, sai ya bi gefenta yana neman hanya, hanyar kuwa ita ce ƙofar gidan. Ya shiga ɗaki na farko, daga nan na biyu, daga nan na uku, kowane da ƙofar da shiga ta fi fita sauƙi. Ɗakin ƙarshe ne kaɗai ke da raga a ƙasa, wadda ake iya ɗagowa. Mutanen Sifen suna ce masa kopo. Mutanen Sisili ba su yi kwana-kwana ba, ɗakin mutuwa suke ce masa.

Abin lura a nan shi ne tarko ba ya bin kifi. Yana tsaye wuri ɗaya, yana jiran wanda ƙaddara ta biyo da shi ta kusa da gaɓa, mafi yawan garken kuwa ta can tsakiyar ruwa yake wucewa bai ma san da shi ba. Idon ragar kuma manya ne, ƙananan kifaye na sulalewa. A ganina wannan ne ya sa sana'ar ta yi dubban shekaru kifin bai ƙare ba, ba don masuntan da sun fi na yanzu tausayi ba. Ƙarfinsu ne bai kai ba.

Ranar ɗagowa ita ce ranar da gari ke jira. A Sisili suna kiran ta mattanza, ma'ana kisa. A da, jirage su kewaye ɗakin ƙarshe ta kusurwa huɗu, rais yana tsakiya cikin ƙaramin kwale-kwale yana ba da umarni, kuma babu mai musa masa, don shi ya san ruwa da iska da adadin kifin da ke ciki. Maza su jeru suna jan raga da hannu, mai ba da waƙa na bayarwa suna amshi don jan ya zo daidai, waƙoƙin da suke kira chaloma, cike da kiran sunan Ubangiji da waliyyan Kirista. Raga na tasowa, wuri na ƙurewa, sai ruwa ya fara tafasa da bugun wutsiya. Daga nan sai ƙugiyoyi masu dogon ƙota, mutum shida ko takwas a kan kifi ɗaya, su jawo shi cikin jirgi, teku ta koma ja. Ba abin kallon mai raunin zuciya ba ne. A Kadis yanzu an rage wannan: masu ninƙaya ne ke shiga da wata sanda mai harsashi su harbi kifin a ka, ya mutu nan take. Ba tausayi kawai ya kawo sauyin ba. Kifin da ya sha wahala kafin ya mutu namansa na ƙonewa daga ciki, ya yi fari-fari da tsami, kuma mai saye daga Japan ba ya biyan kuɗin kirki a kansa.

Fiɗar ma sana'a ce mai zaman kanta. A garin Barbate na lardin Kadis suna kiran ta ronkeyo, wato minshari, saboda ƙarar da wuƙa ke yi idan tana bin ƙashin baya. Kowane yanki da sunansa da farashinsa, kamar dai yadda mahauci ke bambanta tozo da ƙirji da cinya. Naman ciki shi ne sarki, kitse ya ratsa shi layi-layi. Akwai na ƙeya, akwai na kumatu. Tsokar baya ana binne ta cikin gishiri kwana ɗaya ko biyu, a wanke, a rataye iska ta busar da ita, sai a yanka siriri-siriri a ci da man zaitun. Sunanta mohama, daga Larabcin mushamma', abin da ya yi kamar an shafa masa kaki. Jakar ƙwai ma a danne ta da gishiri ta bushe, ita ce botarga, ita ma sunan ta hannun Larabawa ya bi. Zuciya a sa mata gishiri, tumbi a dafa. Mutanen Sisili na yi masa kirari da aladen teku. Sunan ba daɗin ji gare mu, amma abin da suke nufi shi ne ba a yar da komai nasa.

Inda akwai irin wannan arziki kuwa sai manya sun sa hannu. A Andalus gidan sarautar Medina Sidoniya ne ya riƙe ikon kafa tarkuna na ɗaruruwan shekaru. A Sisili attajiran gidan Florio suka sayi tsibiran Egadi a 1874, suka gina ƙatuwar masana'anta a Fabinyana, ɗaya daga cikin tsibiran, inda ake dafa tuna a zuba a gwangwani da man zaitun. Garin Karloforte na Sadiniya ma da labarinsa: mutanen da asalinsu daga yankin Jenowa ne, da suka daɗe suna zaune a Tabarka ta Tunisiya, su suka kafa shi a 1738, kuma har yau suna kafa tarko. A gaɓar Afirka akwai Sidi Dawud ta Tunisiya da ta yi suna a wannan su, akwai kuma tarkunan Maroko a ɓangaren Atlantika.

Abin da ya birkita lissafi daga Japan ya zo. Abin dariya shi ne a da can mutanen Japan ba su ɗauki naman cikin tuna a bakin komai ba, don yana saurin lalacewa, har ana cewa ko kyanwa tsallake shi take yi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu baki ya saba da maiƙo, aka samu na'urar daskarewa mai kai sanyi 60 ƙasa da sifiri, sannan a 1972 aka fara ɗaukar jan tuna a jirgin sama daga Kanada zuwa Tokyo. Yankin da ake rainawa ya zama mafi tsada a kan faranti, ɗanye ake cin sa a kan ɗan dunƙulen shinkafa. A gwanjon farkon shekarar 2019 a Tokyo an sayi kifi ɗaya mai kilo 278, ɗan'uwan wannan na Tekun Fasifik, a kan yen miliyan 333.6, wajen dalar Amurka miliyan 3. Wannan farashin talla ne da neman suna, ba na kullum ba, amma ya nuna inda iska ke kaɗawa.

Da kuɗi ya kai haka, wa zai zauna jiran kifi a gaɓa? Sai manyan jirage masu ragar zobe suka bi shi har inda yake zuba ƙwai, ƙananan jiragen sama na shawagi suna nuna musu inda garke yake. A zagaye garken gaba ɗaya, a tsuke ragar daga ƙasa kamar bakin jaka. Daga tsakiyar shekarun 1990 kuma aka ƙaro wata dabara: kada a kashe, a ja su da rai cikin keji zuwa gaɓar Sifen ko Kuroshiya, daga baya Malta da Turkiyya da Tunisiya, a yi ta ɗura musu ƙananan kifaye na wasu watanni har su yi kitsen da kasuwa ke so. Turkar rago ke nan, amma a cikin teku. Sai dai ragon nan ba dusa yake ci ba. Ana ƙiyasta sai ya ci kilo 15 zuwa 20 na ƙananan kifi kafin ya ƙara kilo ɗaya.

Akwai hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da tuna na Atlantika, ICCAT, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a 1966, hedikwatarta na Madrid, kuma Ghana da Nijeriya duk mambobi ne. A 2007 masanan hukumar sun ba da shawarar kada jan tunan da ake kamawa a shekara ya wuce tan 15,000. Ƙasashe suka amince wa kansu tan 29,500. Abin da aka kama a zahiri, bisa ƙiyasin masanan, ya kai wajen tan 61,000. A watan Maris na 2010 ƙasar Monako ta kai ƙudurin hana cinikin kifin tsakanin ƙasashe gaban taron ƙasashe kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa da aka yi a Doha, ƙudurin ya faɗi, amma tsoron da ya jefa ya yi aiki. Aka zaftare kason zuwa tan 13,500 a 2010, sannan 12,900 a 2011. An hana kama wanda bai kai kilo 30 ba sai a wasu keɓaɓɓun wurare, an hana amfani da jirgin sama, an taƙaita lokacin ragar zobe zuwa 'yan makonni, an sa masu sa ido a cikin jirage. Kifin da macensa ke zuba miliyoyin ƙwai, da aka ɗaga masa ƙafa sai ya farfaɗo da saurin da ya ba mutane mamaki. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta cire shi daga jerin masu fuskantar ƙarewa, kuma kason shekarun 2023 zuwa 2025 ya koma tan 40,570.

Kifi ya dawo, tarkuna da yawa ba su dawo ba. Fabinyana ta yi mattanza ta ƙarshe a 2007, masana'antar Florio yanzu gidan tarihi ce da 'yan yawon buɗe ido ke shiga. An yi yunƙurin farfaɗo da tarkon a 2019, sai kason da aka ba su ya yi ƙanƙantar da ba zai biya ko wahalar kafa raga ba, aka naɗe. Wanda bai ci nanin ba, nanin ta ci shi. A lardin Kadis huɗu suka rage: Barbate, Zahara, Konil da Tarifa. Har wasu daga cikin tarkunan da suka tsira sun koma juye kifinsu da rai cikin keji ana jan sa zuwa wurin turka.

Yanzu ga maganar ci. Giram 100 na ɗanyen jan tuna na ɗauke da kimanin giram 23 na furotin, sinadarin gina jiki, da wajen giram 5 na kitse, babu sitaci ko kaɗan. Giram 5 ɗin matsakaici ne kawai, naman ciki na kifin shiga ya ninka haka sau da yawa. A cikin kitsen akwai mai na omega-3, nau'i biyu da ake kira EPA da DHA, fiye da giram ɗaya. Su ne ke rage wani nau'in maiƙo a cikin jini, su ake dangantawa da lafiyar zuciya, kuma DHA na cikin kayan da ake gina ƙwaƙwalwa da idon jariri da su. Bitamin B12 kuwa, wanda rashinsa ke kawo ƙarancin jini da mutuwar jijiya, yana da wajen maikrogiram 9, alhali babban mutum 2.4 yake buƙata a rana. Akwai bitamin D da niyasin da seleniyam da ɗan sinadarin ƙarfe.

Amma wanda ya karanta wannan ya je shago ya ɗauko gwangwani, ba jan tuna ya saya ba. Abin da ke cikin mafi yawan gwangwani ƙaramin ɗan'uwansa ne, sikifjak, mai kilo biyu zuwa biyar, wanda ake kamawa a ruwan zafi har da Mashigin Gini, kuma tashar Tema ta Ghana na cikin wuraren da ake zuba shi a gwangwani. Furotin ɗinsa lafiya lau, B12 da seleniyam ma akwai. Kitse ne babu. Dama can wajen giram ɗaya yake da shi a cikin 100, sannan a yawancin masana'antu ana dafa shi kafin a rufe, wani man ya ƙara tafiya. Omega-3 da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na wanda ke jikin jan tuna ba. Man da ake gani a gwangwanin kuma na waken suya ne ko na wani tsiro, ba na kifin ba. Shi ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya ba ta lissafa tuna cikin kifaye masu mai. Ga kuma gishiri, wanda mai hawan jini ya kamata ya duba a jikin gwangwanin.

To ai sai a ce babban ya fi. Nan ne zaiba ta shigo. Wannan ƙarfe mai gudu kamar ruwa yana shiga teku daga duwatsu masu aman wuta, da hayaƙin kwal, da wankin zinariya na masu haƙa da hannu. Ƙwayoyin halitta na ruwa su mayar da ita wani nau'i da ke maƙalewa a tsoka. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya ci ƙarami, kowane mataki tana ƙara taruwa, kuma wanda ya fi daɗewa ya fi tarawa. Jan tuna na iya haura shekara 30 a duniya, yana kuma can saman jerin masu ci. Kifayen Bahar Rum ma an san sun fi na Atlantika zaiba, yankin na da manyan ma'adinanta, har da na Almaden a Sifen, sunan da shi ma al-ma'din ne. Dafuwa ba ta fitar da ita, yanke kitse ma ba ya fitar da ita, don a cikin tsokar take. Ɓarnarta ta fi yawa ga ƙwaƙwalwar da ke kan ginuwa. Saboda haka a 2019 hukumar kula da abinci ta Sifen, ƙasar almadraba da kanta, ta ce mai ciki da mai shayarwa da yaron da bai wuce shekara 10 ba su guji jan tuna kwata-kwata. Hukumomin Amurka kuwa sun sa ƙaramin tuna na gwangwani cikin kifin da mai ciki za ta iya ci sau biyu zuwa uku a mako, farin tuna da mai rawayar fiffike sau ɗaya, mai babban ido kuma a bar shi.

Wani abu da ya fi shafar ƙasar zafi: tuna idan ya sha rana bayan an kama shi, ko wuta ta ɗauke firji ya huce, yana tara sinadarin histamin. Wanda ya ci sai fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya yi ƙaiƙayi cikin 'yan mintuna, a zaci rashin jituwa da kifi ne. Suya ba ta kashe shi, kuma sau da yawa ba a jin wari. Gwangwanin da aka buɗe ma haka, a cinye ko a juye a wani mazubi a sa a sanyi.

Mai neman omega-3 da kuɗin aljihunsa kuwa, ya duba gefen gwangwanin tuna a kan kanta ɗaya. Sadin ɗin nan da muka saba sa wa a burodi, wanda da yawansa daga Maroko yake zuwa, yana da wajen giram ɗaya na EPA da DHA a cikin giram 100, kusan daidai da jan tuna. Zaibarsa kusan kashi ɗaya cikin goma ce ta ƙaramin tuna na gwangwani, ƙashinsa mai laushi kuma sinadarin kalsiyam ne. Irinsa ne ake juyewa tan-tan cikin kejin Malta don a yi wa jan tuna kitse.